Saitin da Ya Ƙi Komawa Baya

Ku tsaya ku ji abin da ya samu wani injiniyan intanet, wallahi labarin ko hucewa bai yi ba! A ofishinsu Yanzu-yanzu ake ce masa, don duk abin da aka tambaye shi amsarsa ke nan. Aiki kam ya iya shi, ba mai musu. Gaggawa ce kawai ta yi masa yawa.

Aikinsa kula da rauta ne, wato akwatin nan mai ƙananan fitilu da ke raba wa jama'a intanet. Daga kan kujerarsa yake shiga rautar wani gari mai nisa ya canza mata saiti. To, a wurinsu akwai doka. Kafin ka taɓa komai sai ka ajiye kwafin saitin a ofis. Sannan ka kunna wa rautar agogo, yadda in ka yi kuskure layi ya yanke, da kanta za ta koma yadda take. Kuma ba a yin sebin, wato adana canjin ya zauna dindindin, sai an gwada an ga lafiya.

Shi fa duk wannan ɓata lokaci ne a wurinsa.

“Yanzu-yanzu, ina kwafin gyaran da ka yi jiya?” in ji shugabar sashensu.

“Anti, yana nan cikin kaina.”

“Kan naka da ko makullin babur ba ya riƙewa? Ka ajiye mini a inda ake ajiyewa.”

“Yanzu-yanzu, Anti.”

Sai a yi dariya, a wuce, bai ajiye ba.

Cikin rautocin da yake kula da su har da ta garinsu, inda mahaifiyarsa take zaune da Kawu. Garin a bayan duwatsu yake, sabis ɗin waya ba ya kaiwa sai an hau tudu. Wannan rautar ce kaɗai ke haɗa su da duniya. Ta nan Umma take ganin Auta, ƙanwarsa da ke karatu a wata ƙasa.

Umma ta daɗe tana jinya. Ranar da abin ya faru, da safe Kawu ya turo saƙo cewa jikin ya tsananta, kuma ba abin da take ambata sai Auta. Aka yi da Auta za ta yi kiran bidiyo da zarar ta fito daga aji.

Sai Yanzu-yanzu ya tuna hoton yakan riƙa tsinkewa. Ya ce bari ya gyara layin, Umma ta ga fuskar Auta tangaran. Kun ga ai niyyarsa mai kyau ce. Ya shiga rautar, bai ɗauki kwafi ba, bai kunna agogo ba. Ya canza wani layi, hannunsa ya yi sebin kamar yadda ya saba, tun kafin ma ya duba.

Allon ya tsaya cak.

Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Ashe ya rufe hanyar da shi kansa yake bi ya shiga, ya kuma yanke garin gaba ɗaya.

Can sai ga kiran Kawu, yana haki, ya hau tudu da ƙafa.

“Kai, me ka taɓa? Gari duk ya ɗauke!”

“Kawu, ka je gindin dogon ƙarfen nan na bayan makaranta, ka kashe akwatin ka kunna.”

Dattijo ya sauka, ya kashe ya kunna, ya sake hawowa tudu. “Fitilar ja take nunawa, ɗan nan. Ja!”

Da bai yi sebin ba, da kashewa da kunnawar nan kaɗai ta dawo da tsohon saiti. Amma ina! Rautar ta tashi da kuskurensa a cikinta.

Anti ba ta yi masa faɗa ba ko kaɗan. Ta zuba masa kwafin ƙarshe da ke ofis a kwamfutarsa, ta ba shi makullin motar aiki, ta ce, “Tafi. Ka yi tuƙi a hankali.”

Rana ta karkata kafin ya isa. Ya tarar da Umma kwance, ta rame, amma idonta biyu. Ta kama hannunsa.

“Ka zo? Ina Auta?”

“Yanzu-yanzu, Umma. Bari in je in dawo.”

“Zauna mana in gan ka.”

“Yanzu-yanzu zan dawo, wallahi.”

Ya zare hannunsa a hankali ya fita da gudu. A gindin ƙarfen ya durƙusa cikin ƙura, ya jona kebul, ya zuba kwafin. Fitila ta ƙi canzawa. Sai a lokacin ya duba da kyau. Kwafin tsoho ne, tun na kafin damina. Duk ƙananan gyare-gyaren da ya yi ta yi bayan nan, waɗanda ya ce suna cikin kansa, ba ko ɗaya a ciki. Ya shiga lalube, yana rubutawa yana gogewa, gumi na ɗiga kan allo. Wannan lambar ce ko waccan? Na canza nan ne ko ban canza ba? Kan da yake taƙama da shi ya zama fanko.

Da ƙyar, da ƙyar, fitilar ta koma koriya. Nan take wayarsa ta hau ruri. Auta ce, ido duk ya kumbura.

“Yaya! Tun ɗazu nake ta kira! Ina Umma?”

“Ga ni nan zuwa, kada ki kashe!”

Ya ruga da wayar a ɗage, Auta tana ganin sama da katanga suna juyawa. Yana kaiwa ƙofar gida ya ji kukan mata. Kawu ya fito ya dafa kafaɗarsa. Umma ta riga ta cika.

Hoton kuwa tangaran yake, ko tsinkewa ba ya yi. Auta tana ta cewa, “Yaya, juyo da wayar mana in gan ta. Yaya?”

An ce ya koma aiki. Ba ya taɓa rauta yanzu sai ya ajiye kwafi ya kunna agogo. Kuma a ofis ba wanda ya sake kiransa da sunan nan.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, duk abin da za ka canza, ka fara tanadar hanyar komawa baya, kuma ka ajiye bayanin abin da ka taɓa a inda wani zai iya samu, kada ka dogara da kanka. Kyakkyawar niyya ba ta hana kuskure. 'Yan mintocin da mai gaggawa yake ganin ya tsira da su, wata rana su ne za su raba shi da abin da ba a dawo da shi.