Matar da Ta Je Awo

Akwai wani manomi a wani ƙauye da ke gindin dutse, mutum ne mai tsoron Allah, marar yawan magana. Gonarsa ƙarama ce, abin da take bayarwa da ƙyar yake kai su wata damina. Ban da gonar, duk dukiyarsa akuya ce guda da 'yan kaji. Ya auri wata budurwa mai suna Salomi, kafin shekara ta zagayo kuwa Ubangiji ya ba ta juna biyu.

Kun dai san halinmu da cikin fari. Kowa yana gani, ba mai faɗa. Miji ba ya ambatonsa, matar ba ta ambatonsa, surukai su kau da kai kamar ba su ga kome ba. A gidan manomin nan kunyar ta kai har kalmar ciki ma ta daina fita daga bakin kowa. In wake ya ɓata masa ciki, sai ya ce jikinsa ne ba daɗi.

Salomi mace ce mai tsabta, mai son ado, wannan kuwa ba laifi ba ne. Amma rigunan da ta zo da su daga gidan iyayenta duk ɗinkin amarci ne, an yanka su daidai jiki. Da cikin ya fara girma, sai suka riƙa ƙin ta ɗaya bayan ɗaya. Ta farke gefen wata ta ƙara ƙyalle, ƙyallen bai yi kala ɗaya da rigar ba. Ta ɗaura zane a sama, ya zame. Ta ɗaura a ƙasa, ya matse ta har ta kasa sunkuyawa. Daga ƙarshe riga ɗaya ta rage mata ta zuwa sujada, ita ma zif ɗin bayanta a rabi yake tsayawa. Sai ta yafa mayafi mai kauri ta rufe bayan, ko da rana tana ƙuna, ta zauna tana gumi tana numfashi sama-sama har a tashi.

Wata Lahadi da aka fito daga sujada, iska ta ɗage mayafin a bakin ƙofa. Akwai wata mata a wurin da ake kira Inna Laraba, wadda bakinta yakan riga tunaninta fita. Ta ce da ƙarfi, "Amarya, ki tausaya wa rigar nan haka, ta yi iyakacin ƙoƙarinta."

Matan suka fashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, kafin su kai gida sun manta. Salomi ce ba ta manta ba. Ta shiga bayan rumbu ta yi kuka, ta wanke fuska, ta ɗora tukunya.

Shi manomin bai ma lura da zancen riga ba, ƙafafunta yake kallo. Ya ga takalminta ya daina shiga. Ya ga zoben aure ya nutse a yatsarta, ya ga in ta tashi da safe idanunta sun ƙanƙance, tana yawan dafe kai. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Bai gaya wa kowa ba, ya ja akuyar nan tasa guda ya sayar. Ya dawo ya ajiye kuɗin a kan tabarma kusa da ita, idonsa a ƙasa, ya ce, "Ga wannan. Ranar kasuwa ki shiga gari ki je awo."

Iyakar abin da bakinsa ya iya faɗa ke nan.

To, a garin nan wuri biyu ake yin awo. Akwai asibiti, inda ake auna mace mai ciki, a duba jininta, a saurari abin da take ɗauke da shi. Akwai kuma rumfar tela, inda ake auna kafaɗa da ƙugu da tsawo. Kalmar ɗaya ce. Manomi ya san wanda yake nufi, Salomi ma ta sani sarai.

Ranar kasuwa ta shiga gari, ta tafi har ƙofar asibiti. Ta leƙa ta ga mata jere a kan benci, kowacce cikin rigarta mai faɗi, suna hira suna jiran a kira su. Ta tuna in an kira ta dole ta cire mayafi. Ta kuma tuna bikin godiya na kaka ya kusa, ranar da kowace mace za ta ɗauki baikonta na amfanin gona a kai ta taka rawa har gaban jama'a, ba wurin ɓuya. Ta daɗe a tsaye. Sai ta ce a ranta, "Kumburin ƙafa ai kowace mace tana yi. Asibiti kuma yana nan, ba inda za shi." Ta juya ta shiga kasuwa.

Ta iya sayayya, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Ta wuce masu atamfa mai tsada, ta samo yadi marar nauyi, shuɗi mai ƙananan furanni, irin wanda iska take ratsawa kuma ba ya zuba in an wanke. Ta yi ciniki har mai yadin ya gaji ya sallama. Ta kai shi rumfar Maman Dogara, wata tela 'yar ikilisiyarsu da ke ɗinki a bakin kasuwa.

Ta ce, "Mama, bubu nake so, mai faɗi, ya sauka har ƙasa. Wanda zan daɗe ina sawa."

Maman Dogara ta gane, ta yi murmushi, ta ɗauko tef ta fara aunawa. Da ta zo damtse sai ta ce, "'Yata, kin cika fa. Mijin nan naki yana kula da ke." Suka yi dariya su biyu. Ta ce mata ta dawo kasuwa mai zuwa.

Da Salomi ta isa gida, ta tarar da mijinta a ƙofa yana jiranta.

Ya ce, "Kin je awon?"

Ta ce, "Na je, Maigida."

"Me suka ce?"

"Sun ce na cika sosai. Sun ce in koma kasuwa mai zuwa."

Ya ce, "Madalla. Mun gode wa Allah."

Hankalinsa ya kwanta, ya ɗauki fartanya ya tafi gona yana waƙa a hankali. Ku lura da kyau, a cikin duk abin da ta gaya masa babu kalma ɗaya da za a kama a ce ƙarya ce. Amma abincin ranar ma ba ta iya ci ba.

Da kasuwa ta zagayo, shi da kansa ya ɗebo mata ruwa ya faskara itace don kada aiki ya makarar da ita. Ta tafi ta karɓo ɗinkinta. Da ya ga rigar sai ya ɗauka mahaifiyarta ce ta aiko, kamar yadda iyaye mata sukan yi. Ta bar shi a kan haka.

Ni ba zan ɓoye muku ba, rigar ta yi kyau. Ranar da ta fara sa ta, ta ja numfashi har ƙasan ƙirji, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Ba abin da ya matse ta, ba abin da ya zame. Ta ajiye mayafin nan mai kauri, ta riƙa tafiya kai a sama. Sai dai rigar da ta rufe abin kunya ta rufe har da abin da ya kamata a gani. Hannun rigar ya sauko ya rufe damtse, bakin rigar kuma yana sharar ƙasa. Tsofaffin matan ikilisiya, waɗanda in sun ga mai ciki ƙafarta suke fara duba, ba su ga kome ba sai shuɗin yadi. Ciwon kai yana ƙaruwa, wani lokaci ta ga wuta-wuta a idonta. Takan ce a ranta bari bikin ya wuce tukuna.

Ranar godiya ta zo. Masujada ta cika har waje, ana kaɗa ganga, mata suka yi layi da dawa da gyaɗa da kabewa a kai. Salomi ta ɗauki ƙwaryar dawarta ta shiga layi. Mata suka yi mata guɗa. Inna Laraba da kanta ta taɓa yadin ta ce, "Yau kam amarya ta fi kowa." Salomi ta ji daɗin da ta daɗe tana nema.

Ba ta kai gaban ba. Ƙwaryar ta suɓuce, dawa ta watse, ta faɗi tana jijjiga, haƙoranta sun datse. Ganga ta tsaya. Aka ɗauke ta aka sa a motar da ta zo kwasar hatsi, mijinta ya riƙe kanta, Maman Dogara da waɗansu mata suka shiga tare da su.

A asibiti wata nas ta ɗaga bakin rigar, ta ga ƙafafun, ta dubi manomin. Ta ce, "Malam, me ya hana ka kawo ta awo? Jininta ya hau ƙwarai, kuma ba yau ya fara ba."

Ya ce, "Ta zo. Sau biyu ta zo. Ku ne kuka ce ta cika, kuka ce ta dawo."

Nas ta ce, "Ni nake yi wa mata awo a nan. Ban taɓa ganin fuskar nan ba."

Manomi ya buɗe baki zai yi gardama, gama bai taɓa kama matarsa da ƙarya ba. Sai Maman Dogara ta dafa bango, ta ce da ƙaramar murya, "Wurina ta zo awo. Ni na ce ta cika."

Nan take aka kawo almakashi aka tsarge rigar daga wuya har ƙasa, domin ba lokacin cirewa, aka shiga da ita ciki. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya bar Salomi da rai. Ɗan kuwa namiji ne, ya fito bai yi kuka ba. Manomi ya kawo shi gida a naɗe, ya haƙa ƙaramin rami a bayan gona ya binne shi, ba a ko raɗa masa suna ba.

Da aka sallamo ta, suka zauna a tsakar gida. Can ta ce, "Maigida, tun ranar na san awon da kake nufi."

Ya ce, "Ni ma na san sunan abin, Salomi. Na kasa faɗinsa, na kuma kasa raka ki."

Suka yi kuka tare.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwana. Awo iri biyu ne a gaban kowannenmu. Akwai awon da mutane suke yi mana, na sutura da takalmi da yadda muka shigo ɗakin sujada. Akwai kuma awon da Ubangiji yake yi, wanda yake ɗaga bakin riga ya duba abin da ya kumbura a ɓoye, wato zunubin da muke lallaɓawa, da ƙiyayyar da muka riƙe, da ciwon da muka ƙi faɗa. Abin da Allah ya sa a hannunmu kaɗan ne, kamar kuɗin akuyar nan, sau da yawa ba ya isan wuri biyu. Mu kuwa mukan kai shi inda za a yabe mu, mu ce wancan awon yana nan, sai bayan biki. Salomi ba ta yi zunubi don ta so riga mai kyau ba. Mace mai ciki ta cancanci suturar da za ta sake a ciki, ta kuma yi kyau, mijin da ya iya ya yi mata. Abin da ya hallaka ɗanta shi ne ta sa rigar a gaba, ta bar ran ɗan da take ɗauke da shi a baya.

Sai kuma maganar nan, "Na je." Da yawanmu mun ƙware a irinta. Mukan jera kalmomi masu gaskiya mu gina ƙarya da su, mu tafi muna cewa ai ban yi ƙarya ba. Allah ba ya sauraron kalma kawai, yana duban abin da ka bari ɗan'uwanka ya gaskata. In ka san ya fahimce ka a karkace, ka kuma yi shiru don hakan ya yi maka daɗi, ka ruɗe shi ke nan.

Ku maza, kada ku gyara zama kuna cewa yau da mata ake. Manomin nan yana ƙaunar matarsa, ya sayar da abin da yake da shi dominta, amma ya faɗi rabin magana ya haɗiye rabi. Kunya abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana, ni ma ina yinta. Amma kunyar da za ta hana ka ce wa matarka "awon ciki," ta hana ka taka ka raka ta asibiti don kada abokai su gan ka, wannan ba ladabi ba ne. Raina yana ɓaci in na tuna yawan ƙananan kaburbura da irin wannan kunya ta haƙa a garuruwanmu.

Saura mu da muke tsayawa a bakin ƙofa bayan sujada. Ranar da mayafi ya ɗage, a cikin matan nan akwai masu bubu biyu da uku a akwati, waɗanda suka gama haihuwa tuntuni. Da ɗaya ta ja Salomi gefe ta ce, "'Yata, zo gida da yamma, ina da abin da zai yi miki," da kuɗin akuyar ya isa inda aka aike shi. Ba wadda ta yi haka, dariya suka yi. Saboda haka ku auna maganarku kafin ta fita, musamman a kan wanda ba shi da shi, gama ba ku san abin da zai sayar don ya rufe bakinku ba.

Inna Laraba ta zo gaisuwa a gidan manomin, ta fi kowa kuka, da zuciya ɗaya kuma take yi. Har yau ba ta san da hannunta a mutuwar yaron nan ba. Ina jin tsoro ƙwarai, 'yan'uwa, kada a ce a cikinmu da muke zaune a nan akwai wanda shi ma bai sani ba.