Mutumin da Yake Gaida Kowane Gida

Na sha jin ana ba da wannan misali a ajin ranar Lahadi, sau da yawa kuma ana ɓata shi. Waɗansu malamai sukan ce matar ta ji tausayin mutumin, ta miƙa masa mabuɗi ranar da ya fito daga kurkuku. Ba haka aka yi ba, da ta yi haka kuwa da sakaci ta yi. Waɗansu kuma, don labarin ya yi daɗi, sukan faɗi gidan da mutumin ya shiga da irin ciwon da ke cikinsa. Duk mai yin haka bai fahimci abin da yake koyarwa ba. Ga yadda ya kamata a faɗe shi.

Akwai wata mace mai ɗakin magani a wani gari. Tana da akwatin ƙarfe cike da katunan marasa lafiya, kowane kati da sunan mai shi, da ciwonsa, da maganin da yake sha. Mutanen garin kuwa suna da wani mugun hali. In aka ji mai tuyar ƙosai ta yi tarin fuka, sai a daina saye a wurinta ko bayan ta warke. In aka ji saurayi yana da farfaɗiya, sai a mayar masa da kayan aurensa. Saboda haka masu irin waɗannan cututtuka ba sa yarda a gan su a ƙofar ɗakin magani, sai dai a kai musu gida.

Da matar ta tsufa, gwiwoyinta suka gaza zagaya gari, sai ta nemi mataimaki. Wani dattijon ikilisiya ya kawo mata ƙanensa, wanda bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Ranar farko, wata amarya tana fita daga ɗakin, sai ƙanen ya ce, "Mama, wannan kuma me ya kawo ta?" Matar ta sallame shi kafin rana ta yi tsaka.

Bayansa wani mutum ya zo, wanda ya yi shekara uku a kurkuku. Matar ta tambaye shi abin da ya yi.

Ya ce, "Tumaki huɗu na sata, Mama. Ba ƙarya aka yi mini ba."

Ta ba shi tsintsiya. Shekara guda yana shara da ɗebo ruwa. A shekara ta biyu ta sa shi wanke kwalabe a cikin ɗaki, inda yake ganin duk mai shigowa, ita kuwa ta kasa kunne cikin gari, ba ta taɓa jin wata magana ta fita ba. Sai a shekara ta uku ta ba shi keke, da jakar magani, da mabuɗin akwatin. Dattijon nan ya zarge ta cewa ta ba ɓarawo ajiyar asirin jama'a. Ta ce, "Na ji, Baba. Ni na ba shi, ni zan amsa."

Mutumin ya lura cewa idanun gari suna bin kekensa, duk ƙofar da ya tsaya an san akwai ciwo a ciki. Sai ya riƙa jingine keken a gindin tsamiyar da ke tsakiyar unguwa, ya bi gidaje da ƙafa, yana sallama a kowane gida, da mai ciwo da marar ciwo. Aikin sa'a guda ya zama na rabin yini. Mutane suka riƙa yi masa ba'a.

Wani tsoho ya ce masa, "Yau ma ka zo duba awakinmu ne?"

Ya ce, "Na zo gaishe ku ne, Baba. Awakin ma ina gaishe su."

Ana nan, wata ranar kasuwa, ragon dattijon nan ya ɓace tsakanin hantsi da tsakar rana. Aka ce ai a daidai lokacin an ga keken a gindin tsamiya, mai shi kuwa ba a gan shi a hanya ba. Gaskiya ne, gama ya tarar da ciwo ya tsananta a wani gida, ya zauna yana jinya har mai ciwon ya farfaɗo. Aka kai mutumin gaban mai gari.

Mai gari ya ce, "Faɗi gidan da ka daɗe a ciki, a kira mutanen gidan su shaida, ka tafi abinka."

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa ragon ba. Gidan kuwa ba zan faɗa ba."

Matar ta zo tana dogara sanda, ta ce ita ta aike shi. Dattijon ya ce, "To, ina kika aike shi?" Ta ce, "Wannan ba maganata ba ce, balle in bayar." Dattijon ya juya ga jama'a ya ce, "Kun ji? Uwargida tana rufa wa yaronta asiri."

Mai gari ya sa aka kulle mutumin, ya ba shi kwana uku. In ba a sami shaida ba, za a miƙa shi ga hukuma. Kowa kuwa ya san alƙali ba ya sassauta wa wanda ya taɓa shiga kurkuku.

Matar ta kai masa abinci. Ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya ba ta, ya ce, "Mama, gobe gida shida suna jiran magani. Duk wanda za ki aika, ki ce masa ya gaida kowane gida." Ta tambaye shi ko ya san abin da ke jiransa. Ya ce, "Na sani. Amma na san yadda takarda ɗaya take bin mutum har ƙofar gidansa. Tawa ta kurkuku ni na jawo ta. Marasa lafiyar nan kuwa ba su yi laifin kome ba."

Matar ba ta aiki kowa ba. Ita da kanta ta zagaya garin da sandarta, tun safe har la'asar, ba ta tsallake ƙofa ɗaya ba. A kowane gida abu ɗaya ta faɗa: "Gobe ku je ku gaida mai gari, ɗaya bayan ɗaya."

Kashegari zauren mai gari bai huta ba. Mahauci ya shiga ya fito, mai ƙosai ta shiga ta fito, da manoma, da masaƙa, da gwauraye, kowa shi kaɗai. A rana ta uku mai gari ya tara jama'a ya ce, "An zo an faɗa mini inda mutumin nan yake a ranar, da abin da yake yi. Na gamsu. A sake shi."

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya faɗa?"

Mai gari ya ce, "Ɗaya daga cikin waɗanda suka gaishe ni jiya."

Ragon ba a same shi ba, kada kuma wani malami ya ƙara cewa an same shi. Mutumin ya riƙe mabuɗin nan har tsufansa. Ko gidan dattijon ya taɓa bukatar magani daga baya, ba wanda ya sani, gama mutumin yana gaida gidan kamar kowane gida.

Ma'anar wannan misali ita ce: ciwon mutum asirinsa ne, shi kaɗai ke da ikon buɗe shi. Akwatin ƙarfen ya zama kwamfuta a asibitocinmu na yau, amma ajiyar ba ta canja ba. Ana yawan tambayata ko ya dace wanda ya taɓa zaman kurkuku ya taɓa irin waɗannan bayanai. Amsata ita ce a tambaye shi laifinsa, a ji ko zai faɗi gaskiya. Wanda laifinsa shi ne tona asirin mutane ko cin amanar marar ƙarfi, a gafarta masa, a ba shi wani aikin dabam. Gafara ba ta wajabta ba da mabuɗi ba. Wanda laifinsa wani ne, a gwada shi a ƙaramin aiki, a daɗe ana gwadawa, in ya tabbata kuwa a ba shi aikin ba tare da gori ba. Ubangiji bai rufe ƙofa ga mai tuba ba, mu ma ba mu da ikon rufewa.

Wanda kuma bai taɓa shiga kurkuku ba, a gwada shi daidai haka. Ina alfahari da iyayenmu mata da suka riƙe ɗakunan magani a ƙauyuka, suka tafi kabari da asirin garuruwa a cikinsu. Amma na ji da kunnena an tashi a taron addu'a an faɗi sunan mace da sunan ciwonta, wai don a yi mata roƙo. Ba wanda ya kai mai faɗar gaban alƙali, ɓarnar kuwa ta fi ta tumaki huɗu.

Saboda haka, in ka san ciwon wani, kada ka faɗa sai da izininsa. In za ka gaida marar lafiya a wannan mako, ka gaida maƙwabtansa tukuna.