Injin da Pak Harjito Kaɗai Ya San Harshensa

Akwai wani injiniya a nan garin Cikarang, Pak Harjito (Pak a nan kamar a ce Malam ko Baba ne), wanda ya tsara PLC ɗin masana'antarmu ta matse ƙarfen mota. PLC ita ce ƙwaƙwalwar da ke ce wa inji buɗe, rufe, tsaya.

A aikinmu, kowane bawul da kowane maɓalli yana da suna a cikin tsarin, muna ce masa tag. Ƙa'ida ita ce ka sa sunan da kowa zai gane: bawul na buɗewa, bawul na rufewa. Shi kuwa gogan naka sai ya bi su duka ya raɗa musu sunayen tsuntsayen da yake kiwo a keji. Wannan Murai, wancan Kacer, ga Perkutut na ɗaya har na nawa. Ko layi ɗaya na bayani bai rubuta ba.

Retno, abokiyar aikinsa da yake kira Mbak, wato 'yar'uwa, ta sha yi masa magana.

"Pak, don Allah ka fassara mana tsuntsayen nan. In ba ka nan fa?"

"In ba na nan ku kira ni, Mbak. Ranar da kuka gane tsarin nan, ranar za a ce na tsufa a sallame ni. Ni ba yaro ba ne."

Ya yi dariya ya koma kan kofinsa. Wallahi abin yana ci mana rai, amma wa zai ja da shi?

Da ƙaramar Sallah ta gabato, ya hau bas zuwa garinsu kamar kowa. Ɗansa Galih, wanda shi da kansa ya samar wa aiki a kan injin, ya tsaya ƙarasa aikin mako.

Da hantsin ranar da ya tafi, injin ya kama hannun Galih. Aka danna jan maɓalli, komai ya tsaya cak, amma bakin injin na nan a danne. Sai an ba bawul ɗin buɗewa umarni daga kwamfuta. Retno ta buɗe tsarin, tsuntsaye fal allo. In ta taɓa na rufewa, hannun ya niƙe gaba ɗaya.

Ta kira Pak Harjito a waya.

"Pak, Galih ne a cikin injin. Wanne ne na buɗewa?"

Yana jin kukan ɗansa ta waya, yana cikin cunkoson hanya, ba gaba ba baya.

"Murai. A'a, tsaya, kar ki taɓa. Kacer ne... Na sake musu suna bara."

"Pak, wanne?"

Sai ya ce, "Mbak, ban tuna ba."

Dole aka ɗauko sifana da jak aka kwance injin da hannu. Kafin a fito da shi jini ya daɗe da daina zuwa yatsun. Likitoci suka yanke daga gwiwar hannu.

Na je asibiti na tarar da Pak Harjito tsaye a bakin ƙofa ya kasa shiga. Ban taɓa jin tausayi da haushin mutum a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da ya daure ya shiga, Galih bai ɗaga murya ba.

"Pak, na ji lokacin da ta tambaye ka."

Daga nan Galih ya juya fuskarsa bango.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye don kada a iya yi ba kai ba, wata rana naka ne zai buƙace shi kana nesa. Koyar da abin da ka sani, ka rubuta shi yadda wani zai gane. Ku tura wa abokan aikinku.