Kurege da Rariyar Gidansa

"To yara, a nutsu. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

An yi wani Kurege a wata unguwa da ke kan gangare, shi da matarsa Tabawa. Gidansu na ƙasa ne, gadon ubansa, kuma ba su da wani wurin sa haƙarƙari in ba shi ba. Shi Kuregen nan wayo ya yi masa yawa, irin wayon da ke sa mutum ya guje wa aikin yini ɗaya ya jawo wa kansa na shekara. Ni har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Da bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa hadari, sai 'yan unguwa suka kira gayya don a yashe kwata, a kuma ɗebo ƙasar yaɓe daga kududdufin bayan gari. Kowa ya fito da fartanya da kwando. Kurege ya ce ƙugunsa ke ciwo. Amma da aka kawo furar gayya, shi ya fara miƙa ludayi.

Tabawa ta sa shi gaba da magana, ta ce kan katanga ya zaizaye, in ba a yaɓe ba ruwan farko zai cinye ta. Kurege ya ce kududdufi da nisa, wawaye ne ke zuwa can. Ya ɗauki fartanya ya haƙi ƙasa a gindin katangarsa, daga ciki, ya kwaɓa ya yaɓe samanta.

Maƙwabciyarsu, tsohuwar Bushiya, ta leƙo ta gani. Ta ce, "Ɗan nan, gindin kake ci don ka gyara kan?"

Ya ce, "Iya, ƙasa ai ƙasa ce."

Bayan kwana biyu ya ce zai ɗaga dokin ƙofa, kada ruwan titi ya shigo masa. Ya sake haƙa a gindin katanga, wannan karon ta kudu. Tabawa ta yi magana har muryarta ta dushe. Ya ce mata ƙasa ai ƙasa ce.

Na ukun shi ya fi ba ni haushi. Kun san rariya, 'yar kafar nan da ake bari a ƙasan katanga don ruwan tsakar gida ya fita? Kurege ya tsuguna ya dube ta, ya ce kafar da ruwa ke fita ta cikinta ai zai iya shigowa ta cikinta. Ya kuma haƙo ƙasa a gindin katanga, ya kwaɓa da makuba don ta yi tauri, ya liƙe rariya tam. A ransa yana murna, wai duk ruwan gangare zai wuce shi ya faɗa gidan Bushiya.

Tabawa ta ce, "Maigida, wanda zai zubo daga sama fa, ta ina zai fita?"

Ya ce mata ta bar masa maganar gini, ta je ta ji da tukunyarta.

Ranar wata Laraba da hantsi aka kece da ruwa. Ruwan gangare ya taho, ya tarar da kwata a yashe, ya bi hanyarsa ya wuce. Ko ɗigo bai shiga gidan Bushiya ba, bai kuma nemi gidan Kurege ba. Amma na sama yana ta zuba a tsakar gida, indararo na ƙara masa, ya nemi mafita ya rasa. Ya cika ramin farko. Ya cika na biyu. Ya cika na uku, ya kwanta a gindin katanga yana jiƙa ta.

Tabawa ta ce ya buɗe rariya. Ya ce a dakata, yanzu za a ɗauke. Ruwa ya kai gwiwa, ta ce ya buɗe rariya. Ya ce a dakata. Sai da taɓarya ta fara yawo a kan ruwa ya rarumi fartanya ya hau sara. Ina, makuba ta kama kamar dutse. Aiki ɗaya da ya taɓa yi da kyau a rayuwarsa ke nan.

Yana cikin sara, katangar kudu ta zauna, rugum. Ta gabas ta bi ta, ta tafi da ɗakuna. Da ƙyar Tabawa ta ja shi da wutsiya suka fita.

'Yan unguwa suka taru suna jaje. Da aka ce a yi masa gayyar gini, kowa ya dafa ƙugu ya ce ciwo yake. Tabawa ta ɗaura tukunyarta a ka ta koma gidan iyayenta, ko waige ba ta yi ba.

Tun daga ranar Kurege bai sake mallakar gida ba, sai rami a jeji. Shi ya sa in kun gan shi a bakin gona, za ku ga ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu yana dube-dube. Hadari yake nema, tsoronsa yake ji.

Don haka ku ji da kyau. Ruwa ba a yi masa wayo, hanya ake ba shi. Kuma gobe da safe, kafin kowa ya sa koko a baki, za ku kwashe mini sharar da kuka tara a bakin rariyar gidan nan.

Ƙurunƙus, kan kurege.