Fistin a Tukunyar Amarya

Duk wanda ya zauna a rumfar Malam Gambo mai gyaran agogo a kasuwar Kazaure, kafin shayinsa ya huce zai ji cewa tun da aka kafa garin ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunci Gambo ba. Wanda ambaliya ta cinye wa gona, in ji shi, ya samu sauƙi, don ruwa ne ya cuce shi, ruwa kuwa ba dangi ba ne. Shi ko yayarsa ce ciki ɗaya, da taubashinsa, da amininsa suka taso za su raba shi da motarsa da rana tsaka. Yana faɗa yana gyara zaman hula, yana leƙa fuskarsa a gilashin agogon bango. To ku gyara zama ku ji yadda aka yi, don maganar ta gagari majalisarsa, shi ya sa ta iso gare ku.

Motar tsohuwar fijo ce da ya gada wurin kawunsa. Ta daɗe a gindin darbejiyar ƙofar gida, har kaji sun mai da kujerar baya akurki. Wata rana a majalisa wani ya ce a kira 'yan gwangwan su auna ta a huta. Gambo ya ji zafi. Ya ce inji ai agogo ne da ya yi ƙiba, kuma hannun da ke ta da agogo zai ta da shi, ba bakanike, ba kowa. Ya sa aka sauke injin aka shigar masa da shi zaure. Kullum in ya taso kasuwa bayan la'asar sai ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki sifana. A faɗi gaskiya, hannunsa na da tsabta: kowane noti sai ya sha wanka da kalanzir, ya sha goga, har yana ƙyalli. Sai dai ya fi jin daɗin kwancewa da nuna wa baƙi a kan haɗawa, don haka damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, inji na nan warwatse.

Amininsa Mati, tsohon direban tasha wanda idonsa ya mutu, ya taɓa cewa a kai shi ya shafa injin. Gambo ya yi dariya ya ce, "Haba Mati, kai da ake ja da sanda? Bar wa masu ido aikin ido." Mati bai sake ta da zancen ba.

Mai gyaran agogo ba ya barin ƙarfe a buɗe. Fistin ɗin injin, wato ƙarafan nan da ke hawa da sauka a cikin ramukansa, da bawul-bawul ɗinsu, Gambo ya shafe su da baƙin mai, ya naɗe kowanne a farin ƙyalle, ya ɗaure da baƙin zare. Don kada ya manta wanne ne na wane rami, sai ya yi musu ƙulli: na fari ƙulli ɗaya, mai bi masa biyu, haka har ƙarshe. Ya duba gidan kaf bai ga ma'ajiyar da ta kai sabbin tukwane masu murfi da matarsa Asabe ke tarawa ƙarƙashin gado don auren autarsu Sa'adatu ba. Ya zuba su ciki ya rufe. Bai gaya wa Asabe ba, don ya san abin da za ta ce.

Biki ya zo. Hankalin Gambo ya tafi kan sabuwar shaddarsa da yadda maroƙa ke kiran sunansa. Aka kwashi kaya aka kai Ɗambatta gidan miji, gwaggwanni suka yi jere cikin gaggawa ba su buɗe komai ba. Sai ranar da uwar ango, Hajiya Yalwa, ta shigo ganin ɗaki da danginta. Ta ɗaga murfin tukunya tana sa albarka, sai ga farin ƙyalle, baƙin zare, ƙulli a kan ƙulli.

Kada ku yi saurin ganin laifinta. Babban ɗanta ciwo ya ci shi a tsaye har ya rasu, asibiti ba su gano komai ba, mutane kuma suka yi ta raɗa cewa sammu ne. Wannan angon shi kaɗai ya rage mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka kwance ƙullin ɗaya bayan ɗaya ana addu'a, aka watsa ƙarafan a tsohuwar rijiyar bayan gida da aka daina sha, sannan ta ce a mai da yarinya gidansu, ɗanta ba zai ci abin da ya fito daga tukwanen nan ba. Angon na son matarsa, amma ba ya iya tsallake maganar uwa. Sa'adatu ta zauna bakin gado, lallenta bai ko goge ba.

Da labari ya iso Kazaure, abin da ya fara fita daga bakin Gambo shi ne, "Wane ne ya kwance mini ƙulli?" Sai ya ɗaga kai ya ga fuskar Asabe. Daga nan ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya fara zuwa wurin yayarsa Usaina, wadda ta goyi Sa'adatu tun tana jaririya. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Gambo, da furfurarka?" Ya ce, "Yaya, ki kashe wutar nan, wallahi motar taki ce." Usaina ta ja mayafi ta tafi Ɗambatta. Hajiya Yalwa ba ta ba ta tabarma ba, sai ta zauna a ƙasa. Aka gaya mata baƙaƙen maganganu a kan gidansu, ta haɗiye, ita da ko a ƙuruciya ba a gaya mata ta yi shiru. Ta shiga ɗakin amarya ta ɗauko tukunyar nan ita kanta, ta yi tuwo a ciki a tsakar gida, ta ci a gaban kowa, ta kwana, ta tashi lafiya, ta sake. Ba ta bar gidan ba sai da Hajiya ta sauko ta ce, "To, in kayan mota ne, a fito da su, a kawo motar ƙofar gidana a sa su ina gani. In ta tashi kafin a ga watan azumi, na yarda. In ba ta tashi ba, motar da yarinyar su koma tare." Ba don Usaina ba, da tuni Sa'adatu na gida, ba kuwa wanda zai bari a kusanci rijiyar.

Sai Gambo ya nufi taubashinsa Sallau, mai yasar rijiya, wanda ya bar sana'ar saboda ciwon ƙirji. Sallau ya ce, "Bawana, ashe boka ka koma ba ka gaya wa ubangidanka ba?" Gambo bai rama ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce, "Sallau, ka fito mini da su, motar taka ce." Da suka je, Sallau ya zura fitila da igiya, kafin ta kai rabi ta mutu. Duk mai wannan aiki ya san ma'anar haka: iskar ciki ba ta numfashi ba ce. Ya ɗaura rassan ganye ya yi ta zurawa yana jawowa har iska ta ɗan sauya, sannan ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Yana lalube cikin laka, ya fito ya sha iska, ya koma. Aka tara komai sai bawul ɗaya. Mutane suka ce ya haƙura. Ya ce inji ba ya tashi da giɓi, ya sake sauka. A sume aka jawo shi, hanci na jini, bawul ɗin na damƙe a hannunsa. Ba don Sallau ba, da maganar Usaina ta tashi a banza.

Aka ɗora sauran injin a cikin fijo, aka jawo ta da igiya har ƙofar Hajiya Yalwa, aka shimfiɗa buhuna, unguwa ta taru. Gambo ya durƙusa gaban ƙarafan da ba ƙulli ko ɗaya, ya juya wannan, ya juya wancan, duk kama ɗaya. Ya haɗa yadda ya ga dama, inji ya ƙi juyawa. Ya kwance, ya sake. Sha'aban na ta raguwa, yara sun fara yi masa waƙa. Dole ya koma Kazaure ya tsuguna gaban Mati. Mati ya ce, "Ai na ji ana cewa aikin masu ido ne." Gambo ya ce, "Ka yafe, Mati. Ka zo, motar taka ce." Mati ya zo. Ya zura yatsu cikin kowane rami, ya shafa jikin kowane fistin, ya ce ƙarfen da ya daɗe yana goga da ɗan'uwansa ba ya ɓoye wa hannu. Ya ware su, yana faɗa Gambo na ɗaurawa. Da aka murza mukulli sai motar ta yi tari ta mutu. Mati ya kafa kan sandarsa a jikin inji, ya kara ɗaya kan a kunne, ya ce a juya nan kaɗan, a dawo can kaɗan. Da ya gane kafireton, wato abin da ke gauraya mai da iska, ya ruɓe, sai ya aika gida aka ɗauko wanda ya ajiye daga motarsa ta ƙarshe, abin da kaɗai ya rage masa na zamanin da yake gani. Ba don Mati ba, da abin da Sallau ya fito da shi tarin ƙarfe ne kawai.

Ranar da ake sa ran duban wata, da yamma, fijo ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Hayaƙi ya kori awaki. Hajiya Yalwa na zaune a zaure inda take kallo tun farkon aikin. Ta taso ta tsaya kusa da injin, ta daɗe tana sauraro. Sannan ta juya cikin gida ta ce, "Sa'adatu, 'yata, in an ga wata ke za ki dama mana kunu."

Gambo ya zagaya motar yana karɓar barka, yana cewa ai dama ya faɗa, agogo ne. Bai gama zagaye ba ya ga hannu uku a miƙe, kowanne na jiran mukulli.

Nan kowa ya ji alkawarin da aka yi wa ɗan'uwansa. Ba wanda ya ce don mota ya yi. Usaina ta ce don 'yarta ta zauna a ƙasa, amma ta zubar da girman da ta tara tun kafin a haifi Gambo, girma kuwa ba ya komawa yadda yake. Kuma ita aka fara yi wa alkawari, har da rantsuwa. Sallau ya ce girma in ya zube mutum na nan da ransa, shi kuwa ransa ya zura a igiya, har yau in ya yi tari ƙirjinsa na tuna masa. Mati ya ce su biyun sun yi abin da aka roƙe su cikin mutunci, shi kuwa wanda ya wulaƙanta shi ya taimaka, kuma motar da aka yi musu alkawari matacciya ce, akurkin kaji. Mai rai ɗin daga hannunsa ta fito. Usaina ba ta iya tuƙi ba, Sallau ma haka, Mati ya iya amma ba ya gani. Aka ce a sayar a raba, dukansu suka ƙi, suka ce mota aka ce, ba kashi ba.

Tun daga ranar mukullin na hannun Asabe, ta ce ba ta ba kowa sai an yanke magana. Gambo kuwa na nan yana kai ƙara rumfa rumfa. Amma in aka matsa masa, ko Asabe ta tsare shi da ido, sai ya sosa ƙeya ya ce, "To, ni na sa su a tukunya. Ni na ƙulla zaren. Ni kuma na ba mutum uku mota ɗaya, don a raina ban zaci za ta tashi ba. In an bi ta nan, ba wanda ya cuce ni sai mai hular nan."

Sa'adatu dai tana ɗakinta. Mota ɗaya ce, mukulli ɗaya. Wadda ta zauna a ƙasa har aka buɗe ƙofa, da wanda ya shiga inda fitila ta mutu, da wanda ya haɗiye cin fuska ya ba inji rai: to, a cikin su ukun, a hannun wa Asabe za ta danƙa mukullin?