Ƙanen da Ya Riga Wansa Kaiwa Kan Dutse

Akwai wani mutum mai gyaran babura a wani babban birni, yana da wa guda ɗaya, tela. Wan nan shi ya riƙe shi tun yana ƙarami, shi ya kuma kawo shi birni. A bayan birnin kuwa akwai wani dutse mai tsawo, da 'yar hanyar ƙafa wadda take zagaya shi har can bisa. Ba dutsen da ya fi ƙarfin mutum ba ne. Ran Asabar ma'aikata da ɗalibai, har da mata masu goyo, sukan hau su sha iska su sauko. Amma 'yan'uwan nan biyu ba su taɓa hawa ba, kullum sai su ce wata rana.

Ana nan sai idanun wan suka fara dushewa, zare ya daina shiga masa allura. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa ganin nasa raguwa zai yi ta yi. Sai ya kira ƙanensa ya ce, "Ina so in ga birnin nan daga bisa tun ina iya gani. Ka kai ni."

Ƙanen ya yi murna ƙwarai. Ran Asabar da safe ya cika gorar ruwa, ya sayi gyaɗa da ayaba, ya sara wa wansa sanda, suka kama hanya. Damina ce, ciyawa ta yi kore shar, ruwa yana gangarowa ta tsakanin duwatsu. Ƙanen yana ta waƙoƙin yabo, yana gaishe da duk wanda suka tarar. Zuciyarsa sai tsalle take yi, ƙafafunsa kamar ba sa taɓa ƙasa.

Wan kuwa a hankali yake tafiya, sai ya laluba da sanda kafin ya taka. Da suka kai inda hanyar ta yi tsaye, ya zauna a gindin wata ɗorawa yana haki. Ƙanen ya ɗaga kai, ya hangi mutane a can bisa suna ɗaga hannu suna sowa. Sai ɗoki ya kama shi.

Ya ce, "Yaya, huta nan. Bari in leƙa in ga yadda hanyar take."

Ya tafi leƙawa, bai kuwa tsaya ba. In ya sha wannan kwana sai ta gaba ta kira shi. Ya wuce ɗalibai, ya wuce masu ɗaukar hoto, ya dafa dutse na ƙarshe da hannu biyu, sai ga shi a bisa.

Iska mai sanyi ta buge shi. Ga birni gaba ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafafunsa: motoci kamar tururuwa, babbar kasuwa kamar faifai, kogi yana walƙiya a rana. Ya gane rufin majami'arsu. Can nesa kuma, bayan gonaki, ya hango tsaunukan ƙauyen da aka haife su. Dariya ta kuɓuce masa. Ya miƙa hannu, ya juya ya ce, "Yaya, dubi garinmu!"

Ba kowa a gefensa sai baƙi.

Nan take murnarsa ta koma ciki. Ya tuna wanda ya roƙi a kawo shi, da dalilin roƙon. Ya kuma ga hadari yana haɗuwa daga gabas, in ya iso zai rufe kome. Ko zama bai yi ba, ya juya ya gangara da gudu, masu hawa suna ba shi hanya suna mamaki.

Ya tarar da wansa ya miƙe, ya fuskanci gida, yana laluben hanyar sauka.

Wan ya ce, "Na ɗauka ka kai. In ka gani, ai ya isa. Sai ka ba ni labari."

Ƙanen ya ce, "Na kai, amma ban iya kallo ni kaɗai ba. Dafa kafaɗata, Yaya."

Haka suka hau, wan yana dafe da shi, shi kuwa yana faɗa masa inda zai sa ƙafa. A wurare masu santsi ya riƙe shi, a dutse na ƙarshe ya hau ya jawo shi da hannu. Suka kai kafin hadarin ya iso. Wan ya tsaya yana ƙifta ido. Gidaje ba su fito masa sosai ba. Sai can ya ɗaga sandarsa yana nuni.

"Wancan mai haske, kogi ne ko? Na gan shi. Na gan shi sarai."

Suka rungumi juna suna dariya, hawaye yana zuba, har baƙin da suke wurin suka taya su tafi.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Dutsen shi ne tafiyarmu ta bangaskiya. Ƙanen shi ne kai da Allah ya ba ƙarfi da ɗoki, kana gaba cikin addu'a da waƙa da sanin Maganarsa. Ɗokin nan abu ne mai kyau, kada ka yar da shi. Wan kuwa shi ne ɗan'uwan da ya gaji a hanya: mai ciwo, gwauruwar da ta daina zuwa sujada, wanda ya koya maka addu'a amma yau nasa ƙarfin ya ƙare. Ba a kira mu domin mu riga juna kaiwa ba. Ubangijinmu Yesu yana can bisa cikin ɗaukaka, ya sauko har inda muka zauna muna haki, ya ba mu kafaɗarsa. Kai ma ka san wanda ka bari a hanya. Ka san sunansa, ka san ƙofar gidansa. In an tashi daga sujada yau, ka sauka ka ɗauko shi.