Rufewar da Nomau Ya Tsare

An yi wani mutum a can zamanin da, a wani gari da ko sunansa bai iso gare mu ba. Shi dai bawan Allahn nan ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Manomi ne mai gona ɗaya da jaki ɗaya, sai matarsa Hurera da 'yarsu ta goye. In ana zaman majalisa, can gefe yake zama wajen da ake tara takalma. Ku matso ku saurara. Kai mai tsugune a bakin ƙofa, shigo ciki, akwai wuri.

A yankin nan kowane gari yana da irin shukar da ya san ƙasarsa. Akwai wani ƙauye a kan jigawa, mu kira su mutanen Tudu. Ƙasarsu yashi ce, ba ta riƙe ruwa, gero iri ɗaya ne kawai yake yi musu, wani ɗan gajere mai saurin nuna da suka gada kaka da kakanni. In ka kai musu geron wani wuri, zai yi kara ya yi ganye gwanin sha'awa, kafin ya fid da kai damina ta ɗauke. Ku riƙe wannan: ranar da irin nan ya ɓace, ƙauyen Tudu ya tashi ke nan.

Su ma sun san haka, shi ya sa ba sa ajiye shi wuri ɗaya. Bayan irin da kowane magidanci yake ware wa gonarsa, akwai na ko-ta-kwana wanda ake tarawa da sunan ƙauye duka. A zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, a raba uku, kowane kashi ya isa shuka gonakin ƙauyen gaba ɗaya. Kashi ɗaya a gida, kashi ɗaya hayin kogi wajen wani amintacce, na uku a wani gari daban. Da gangan suke nisanta su, don gobarar da ta ci nan kada ta ci can, ruwan da ya kwashe wannan kada ya kwashe wancan. Kowace kaka a kawo sabo a ɗauke tsoho. To, kashi na ukun nan shi aka damƙa wa Nomau. Aka zuba a wata 'yar rufewa, wato rumbun ƙasa, bayan ɗakinsa, aka like bakinta da laka.

Akwai 'yar ƙanena da ke aiki a irin manyan ɗakunan kwamfutar nan inda ake tara bayanan jama'a, hotunanku da saƙonninku na waya. Na ba ta labarin al'adar nan, sai ta yi dariya ta ce, "Baffa, ai aikinmu ke nan." Ta ce su ma duk abin da aka ba su ajiya sai sun kwafe shi wuri uku, a garuruwa daban-daban da ba su haɗa layin wuta ba, don sun riga sun sakankance wata rana wata na'ura za ta mutu. Ba sa tambayar ko za ta mutu, yaushe kawai suke tambaya. In kaya sun yi yawa kuma, ba ƙaton rumbu ɗaya suke ginawa ba, ƙanana suke ƙarawa. Na ce madalla, ashe boko ya taras da kakanninmu a hanya. Sai dai na'ura ba ta jin yunwa, ba ta kuma da yayan da zai zo ya ba ta shawara. Nomau kuwa yana da duka biyun.

Wata shekara ruwa ya ɗauke gero na bununi, ɗan abin da ya tsira fara ta sauka ta ƙarasa. Ba a yi girbi ba, don haka ba wanda ya kawo sabon iri, tsohon yana nan a like. Kafin rani ya raba, dusa ta zama abincin masu hali. Mata suna sussukar ƙarangiya, maza suna tona gidan tururuwa suna ƙwace ɗan abin da ta tara. Mutanen Tudu, da yake tasu ta fi tsanani, suka watse neman abinci, ƙauyen ya zama ba kowa sai iska.

Ran nan wan Nomau, ana ce masa Korau, ya shigo gidan. Ya dubi Hurera, nono ya fara ƙafewa, yarinya na kuka ba murya. Ya ja ƙaninsa bayan ɗaki, ya dafa rufewar.

Ya ce, "Nomau, me ke cikin nan?"

Nomau ya ce, "Yaya, ai ka sani. Ajiyar mutanen Tudu ce."

"Wuri nawa suka ajiye?"

"Uku."

Korau ya ce, "To, don me suka ajiye uku? Ba don in ɗaya ya lalace biyu su tsaya ba? Ka ɗauka gara ce ta ci wannan. Suna da na gida, suna da na hayin kogi, ko ƙwaya ɗaya ba za su rasa ranar shuka ba. Ba sata na ce ka yi ba, in Allah ya kawo kaka ka mayar musu ninki biyu. Masu abin ma ina suke? Sun watse, wa ya san ko za su dawo?"

Jama'a, ku faɗi gaskiya, maganar nan ba ta shiga ba? Ni kaina da aka fara ba ni labarin na ce Korau ya yi magana. Ba mugu ba ne, tausayi ne ya kawo shi, kuma lissafinsa ba kuskure a ciki.

Nomau ya dube shi. Ya ce, "Yaya, shi mutumin hayin kogi, yana da wa?"

Korau ya ce, "Ina ruwana da wansa?"

Nomau ya ce, "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yunwar da ke gidan nan tana gidansa. In yana da wa mai sonsa kamar yadda kake sona, to yanzu haka yana dafe da rufewarsa yana ce masa, ai akwai na gida, ai akwai na wajen Nomau. Ni ban san abin da zai amsa ba. Abin da na sani, ranar da aka ba ni, ba a ce mini ga ɗaya daga cikin uku ba. Cewa aka yi, ga irinmu."

Korau ya kakkaɓe rigarsa ya fita, yana cewa bai taɓa ganin wanda zai mutu da ƙishirwa a bakin rijiya ba sai ƙaninsa.

Na san akwai malamai a nan, za su ce larura tana halatta abin da aka hana. Gaskiya ne, shi ma Nomau ya san da haka. Amma ya duba ya ga tukuna bai kai ba, tunda akwai jaki, akwai kuma ɗan sauran ƙarfi a jikinsa. Mu kuwa tun yunwa na bakin zaure muke kiran larura.

Wadda ta fi wuya ita ce Hurera. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Wata safiya ta zauna kusa da shi da yarinya a cinya, ta ce, "Maigida, ban ce ka buɗe ba. Amma dube ta da kyau, kada gobe ka ce ba ka gani ba."

Ya duba. Wallahi duk sanda na iso wurin nan sai zuciyata ta karye. Ya ce, "Na gani, Hurera." Ya tashi ya kwance jakinsa, jakin da shi ne dukiyarsa duka, ya kai kasuwa ya musanya shi da 'yar dawa. Ya ɗaure mata dawar gaba ɗaya, ya haɗa ta da ayarin fatake masu tafiya kudu inda iyayenta suke, don an ce can an sami ruwa. Da za su rabu ta ce ya biyo su, me ya rage masa a nan? Ya ce in ya tafi, rufewar ba za ta kwana a like ba. Ta tafi tana waiwaye, kuma kada wanda ya ga laifinta.

Haka ya zauna shi kaɗai. Ya yi itace ya kai gidan masu hali a ba shi dusa, ya dafa busasshiyar tafasa ya sha ruwanta. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Maƙwabta in sun wuce su ce, "Sannu mai gadi, yaya abincin mutane?" Ya ce lafiya lau. Abin da ya fi cin ransa ba yunwar ba ce, rashin sani ne. Babu mai zuwa ya ce masa abin da kake yi yana da amfani. Mai yiwuwa ne rumbunan can biyu suna nan cike, ya rabu da iyalinsa a banza. Kullum da wannan tunanin yake kwana, da shi yake tashi, amma bai taɓa lakar nan ba.

Sannu a hankali gabas ta fara haɗa hadari, aka yi ruwan fari. Ba a jima ba sai ga wani tsoho ya yi sallama, da sanda, ƙafa duk faso. Sarkin Noman Tudu ne, Baba Cinɗo, wanda ya kawo ajiyar da hannunsa. Shi kaɗai ya zo, ba jaki, ba mangala, ko buhu bai riƙo ba.

Bayan ya sha ruwa ya ce, "Ɗana, kada ka ji kunyata. Ba karɓa na zo ba, yafewa na zo yi. Na gidanmu mu muka cinye da bakinmu kafin mu watse, muka ce ai akwai biyu a waje. Na je hayin kogi, mutumin ya faɗi yana kuka, ya ce shi ma ya ci, ya ɗauka na gida da naka suna nan. Na yafe masa, don da wane baki zan zarge shi? Kai ma na yafe maka duniya da lahira. 'Yan mutanen da suka dawo suna jirana, zan je in ce musu kowa ya nemi garin da zai karɓe shi."

Nomau ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun tsohon ya zagaya da shi bayan ɗaki. Ga rufewa, ga laka a bushe, ga shatin tafin hannun Baba Cinɗo da ya danna tun tana ɗanya, ko tsaga babu. Tsohon ya ɗora hannunsa a kan shatin. Ya dubi rufewar, ya dubi ƙashin wuyan Nomau, ya dubi gidan da ba mace ba hayaƙi. Sai ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ina iyalinka?"

Nomau ya ce, "Suna kudu, Baba. A fasa a ɗiba, ƙasa na da laima, kada ta bushe."

Tsohon da ya zo hannu wofi sai da ya tuɓe babbar rigarsa ya ƙulle bakinta, ya ɗebi na fari a ciki, ya koma ya turo mutane. A daminar nan aka shuka Tudu. Hurera ta dawo bayan kaka da yarinya a raye, alhamdu lillahi, amma an ce Nomau bai ƙara samun ƙarfin jikinsa na da ba, jaki kuma bai sake mallaka ba har ya koma ga Allah.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Mutanen Tudu sun yi dabara, dabararsu kuma mai kyau ce, an raba uku don in ɗaya ya faɗi saura su tsaya. Amma an yi ta ne don gobara da gara da ambaliya, ba a yi ta don ta zama uzurin mai riƙo ba. Da kowa ya jingina da ɗan'uwansa, ukun nan kaɗan ya rage su zama babu. Amana ba ta raguwa don an ba waninka irinta. Abin da aka sa a hannunka, ka riƙe shi kamar kai kaɗai ka rage.

Kada ku ce mu ba a ba mu iri ba. Ku 'ya'ya biyar, uwa ɗaya a ƙauye, kowa na cewa ai Yaya yana aikawa, ai ƙanwata na leƙawa, tsohuwa kuwa na can tana dama koko ba sukari. Marayun layinku, kowane gida ya ɗauka gidan gaba ne ke ba su. Dattijon da ya saba tsayawa a sahun farko, an daina ganinsa a masallacin nan, kowannenmu ya ce ai liman ya je, ni kuma limamin na ce ai maƙwabta sun je. Allah ya yafe mana baki ɗaya. In an shafa fatiha, kada wanda ya tambayi na kusa da shi ko an je. Kai ka je.